Mardilaat: kwana biyu a kasuwar masu aikin hannu ta Talin

Ta ruwa na shiga Talin, babban birnin Istoniya. Daga Helsinki, babban birnin Finland, kilomita 80 ne, kuma jirgin yana cinye su cikin awa biyu. A makon farko na Nuwamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, sa'annan da an ɗan gota ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, wato azahar, la'asar da magariba duk suna zuwa kusa da juna. Sanyin bai kai na Janairu ba, amma mai laima ne, ga iskar teku. Wanda bai zo da takalmin da ruwa ba ya ratsawa ba zai gane kurensa tun ranar farko.

Kasuwar da ta kawo ni sunanta Mardilaat, wato kasuwar ranar Mart. Ranar Mart ita ce 10 ga Nuwamba, lokacin da a da manoma ke rufe aikin gona su koma ɗaki su kama kaɗi da saƙa da sassaƙa har bazara. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta ƙasar ce ke shirya ta tun 1997, kuma tana ci kwana uku zuwa huɗu. Lokacin da na je, an yi ta ne a babban zauren wasanni na unguwar Haabersti, yamma da tsakiyar gari, wanda aka daɗe ana kira Saku Suurhall kafin a sake masa suna zuwa Unibet Arena. Bas na zuwa har kusa da ƙofa. Mazauna Talin ba sa biyan kuɗin bas tun 2013, baƙo kuwa yana biya, ya ɗora katin bankinsa a kan na'urar da ke ƙofar gaba. Shiga zauren da tikiti ne. Yawancin masu rumfa suna karɓar kati, amma yana da kyau a riƙe 'yan kuɗin Yuro a hannu saboda tsofaffin da suka zo daga tsibirai. Ranar aiki da safe ta fi. Asabar da rana cunkoso ba ya barin mutum ya juya kaya ya duba bayansu, alhali duba bayan kaya shi ne rabin cinikin wannan kasuwa.

Abu na farko da ido zai lura da shi shi ne ba a cewa zane kaza "na Istoniya" ne kawai. Kowane ratsi da kowane zubi yana da garinsu. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan ɗaya da rabi ba, amma tsofaffin gundumominta, waɗanda suke kira kihelkond, sun haura ɗari, kuma kusan kowace tana da ratsin siket ɗinta, da ɗamararta, da zanen safar hannunta. Tambayar da ke buɗe bakin mai rumfa ita ce: wannan na wace gunduma ne? Wadda ta saƙa abin da hannunta za ta faɗi gundumar nan take, wani lokaci har da tsohon kayan da ta kwaikwaya a gidan tarihin ƙasa da ke Tartu, wanda aka kafa a 1909.

Na fi daɗewa a rumfunan mayafin Haapsalu, kuma ban ga abin da ya kai shi a zauren ba. Haapsalu ƙaramin gari ne a bakin teku, kimanin kilomita 100 daga Talin. A 1825 wani likita mai suna Carl Abraham Hunnius ya buɗe wurin jinya da taɓon teku a can, manyan Rasha suka riƙa zuwa hutu, matan garin kuma suka samu masu sayen saƙarsu. Mayafin fari ne sol, na ulu siriri mai igiya biyu, tsawonsa wajen santimita 170 zuwa 180, faɗinsa 60 zuwa 70, kuma don tsabar laushi ana zare shi gaba ɗaya ta cikin zoben aure. Da gajerun tsinkaye biyu na itace ake saƙa shi, masu kaurin milimita uku ko kusa da haka. Kowane madauki da ke kan tsinke, bari in kira shi ido.

Sirrin mayafin yana cikin ɗan ƙullutun da suke kira nupp. Wata masaƙiya ta yi shi a gabana a hankali. A cikin ido ɗaya za a saƙa, a naɗa zare, a sake saƙawa, a sake naɗawa, har ido ɗaya ya haifi bakwai, wasu kan tsaya a biyar, wasu su kai tara. A layin dawowa sai a zura tsinke cikin bakwai ɗin duka a ɗaure su wuri guda. Inda ake faɗuwa shi ne jan zare: idan aka matse madaukan, tsinke ba zai shiga ba a dawowa, mai koyo ta yi ta tura shi da ƙarfi, ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya zame ba ta sani ba. Ba za a ga ɓarnar ba sai an wanke mayafin an miƙe shi, sai wurin ya buɗe ya zama rami. Maganinsa a ja kowane madauki ya yi tsawo ya saki jiki, kuma a ƙirga su kafin a ɗaure. A da da awo ake sayar da mayafan, ƙullutu kuma yana ƙara nauyi, ga shi injin saƙa na wancan zamani ba ya iya yin sa, don haka ya zama shaidar aikin hannu. Zanen da ya fi shahara shi ne na wani farin fure mai kamar ƙananan ƙararrawa a jere, inda ƙullutun ke tsayawa a matsayin furannin.

Akwai alama ta biyu da ya kamata mai saye ya duba. Ba a saƙa bakin mayafin haɗe da tsakiyarsa. Tsakiyar daban, bakin mai tsini-tsini daban, yawanci gida biyu, sa'annan a ɗinka shi da allura, a tattara shi kaɗan a kusurwoyi huɗu don kada ya ja. Idan ɗinkin ya yi tsauri, gefen mayafin zai takure tsakiyar ta yi ciki. Bayan wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba a matse shi. A kan firam na katako mai ƙananan turaku ake miƙe shi, kowane tsini a turkensa, har ya bushe. Mayafin da aka shanya a igiya ba ya nuna zanensa.

Daga nan na wuce layin safar hannu. A wurin mutanen nan safar hannu ta wuce maganin sanyi. A tsohuwar al'ada amarya kan tara su da yawa, tare da safar ƙafa da ɗamara, ta raba wa dangin miji ranar biki, kuma da su ake auna hannunta. Da tsinkaye biyar ake saƙa su, huɗu riƙe da ido, na biyar yana aiki, da zare kala biyu. Zaren da ba a amfani da shi a wannan ido yana bi ta baya, kuma a nan ake gane gwana. Ka juya safar ciki waje. Idan zaren bayan ya yi tsalle mai nisa, fiye da ido biyar ba a kama shi ba, yatsa zai riƙa maƙalewa har ya tsinke shi. Idan kuma an ja shi da yawa, fuskar safar za ta tattare, ba za ta miƙe ba in an zura hannu. Ta ƙwarai cikinta a shimfiɗe yake kamar tabarma. Wannan zare na baya shi ne ke ninka kaurin safar, shi ya sa mai zane ta fi maras zane ɗumi. Tauraro mai tsini takwas, kaheksakand, yana ko'ina, domin a da ana ɗaukarsa kariya.

Matan tsibirin Kihnu ba sa ɓuya a zauren, saboda jajayen siket ɗinsu masu ratsi, waɗanda suke kira kört. Tsibirin ƙarami ne, mutanensa 'yan ɗaruruwa, kuma UNESCO ta sanya al'adarsa cikin gadon duniya a 2003. Maza suna teku suna kamun kifi, mata suka riƙe gida da gona da waƙa. Siket ɗin har yau kayan sawa ne na kullum a wurin wasunsu. A masaƙa, ulun da ake jefawa da ƙoshiya shi ke rufe zaren tsaye gaba ɗaya, don haka ratsin a kwance yake fitowa. Wajen ɗinki sai a juya ƙyallen, faɗinsa ya zama tsawon siket, ratsin ya miƙe tsaye. Launi yana magana: ja ya rinjaya a lokacin farin ciki da ƙuruciya, baƙi na sabon rashi ne, daga nan a koma shuɗi, sa'annan ja ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan yayin da makoki ke nisa. Ƙyallen gaba da ake ɗaurawa a kan siket alamar matar aure ce. Rigar sanyin mazansu, troi, fari da shuɗi mai duhu, saƙarta a matse take ƙwarai don iskar teku, kuma aikin makonni ce, saboda haka kada tsadarta ta ba kowa mamaki.

Na tsibirin Muhu kuwa surfani ne: furanni manya masu haske a kan baƙin ƙyalle ko ja, a bargo da kuma takalman ƙyalle. Siket ɗinsu ruwan ɗorawa ne mai ƙarfi da suke kira miinikollane, wato ɗorawar nakiya, domin ana faɗin cewa daga sinadarin nakiyoyin ruwa da teku ya turo gaɓa bayan yaƙi aka fara samun launin. Mutanen Seto na kudu maso gabas, kan iyakar Rasha, su kuma da azurfa suka zo: babban kwano mai tsini da matar aure ke sawa a ƙirji, da sarƙoƙi da tsofaffin sulalla masu amo in tana tafiya. Waƙarsu ta leelo, inda jagora ke ba da baiti sauran su karɓa tun kafin ta rufe baki, ta shiga jerin UNESCO a 2009.

Wajen masu rinin ulu na ga abin da duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai gane. Shuɗinsu na da, potisinine, shuɗin tukunya ke nan, baba ne, kuma hikimar ɗaya ce: baba ba ya narkewa a ruwa sai an tsima shi, zare ya fito kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi. Bambancin shi ne a Kano da toka ake haɗa ruwan, su kuwa a da tsohon fitsari suke tsimawa a wuri mai ɗumi, saboda ruwan toka mai ƙarfi yana cin ulu. Sauran launuka sai an fara dafa ulun da alif, kamar giram 10 zuwa 15 ga kowane giram 100 na busasshen ulu. Ganyen bishiyar kask mai farin ɓawo yana ba da ɗorawa, ɓawon albasa ruwan zuma, saiwar wani tsiro mai suna madar kuma ja. Ja ne mai wuyar sha'ani: idan ruwan ya wuce digiri 70 ya kama tafasa, sai ya koma ruwan ƙasa. Ulu kuma ba ya son a cire shi daga ruwan zafi a tsoma a na sanyi, ko a riƙa juya shi da ƙarfi. Nan da nan yake cuɗewa ya dunƙule, kuma ba ya warwaruwa.

Masu sassaƙa ba su ɗauke ni lokaci ba. Ƙamshin itacen kadakas ne ke kai mutum wurinsu: wuƙar shafa man shanu, cokula, da faifan ajiye tukunya da aka jera da yankakkun rassa, wanda ke tashin ƙamshi in an ɗora masa abu mai zafi. Kada a jiƙa su a ruwa, kada a busar kusa da wuta, tsagewa suke yi. Maƙera na gefe da ƙararrawa da maratayin kaya.

Da yamma wasu yara suka ratso zauren sanye da baƙaƙen kaya da rigunan fata a juye, fuska shafe da baƙi, wasu da gemun ƙarya. Su ne mardisandid. A daren jajibirin ranar Mart sukan bi gida-gida, su tsaya a ƙofa suna waƙar a buɗe musu domin yatsunsu sun daskare, in an buɗe su yi rawa da kacici-kacici, su watsa hatsi a ƙasa suna yi wa gidan fatan amfanin gona, a sallame su da abin ci. Bahaushe zai tuna da tashe. Ranar 25 ga wata kuma ta Kadri ce, masu yawon farare suke sawa, fatansu na dabbobi ne. A dandali ana kaɗa kannel, faffadan katako mai tsirkiya da yawa da ake ɗorawa a cinya.

Rana ta biyu abinci na ba wa. Baƙin burodi, leib, shi ne uban tafiya. Da garin rukis ake yin sa, wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi da ƙasa maras ƙarfi. Ba a sa masa yis na kanti. Tsohon ƙullu mai tsami ake ajiyewa daga wannan gashi zuwa wancan. Yadda wata mai gashi ta bayyana mini, kuma ya dace da abin da na sani: a dama tsamin, kamar rabin kofi, da lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin jiki da rabin kilo na gari, a rufe a wuri mai ɗumi awa 12 zuwa 16 har ya yi kumfa ya yi tsami. A ɗebi tsamin gashi na gaba a ajiye tun kafin a sa gishiri. Sa'annan a ƙara gari rabin kilo ko fiye kaɗan, gishiri giram 20, sukari, da ƙwayar köömned mai ƙamshi. Ƙullun ba ya miƙewa kamar na alkama, kama hannu yake kamar taɓo, don haka ba a murza shi; da jiƙaƙƙen hannu ake danna shi cikin gwangwani. Ya tashi awa biyu zuwa huɗu, har ƙananan ramuka su fara bayyana a samansa. A sa a tanda mai zafi sosai, digiri 240, minti goma sha biyar, a rage zuwa 190, jimla kamar awa ɗaya. In ya fito a shafa masa ruwa a nannaɗe da tawul, kada a yanka sai gobe.

Tsamin ba don daɗi kaɗai ba ne. Garin rukis yana da sinadarin da ke narkar da sitaci yayin gashi, tsami ne ke taka masa burki. Burodin da bai yi tsami sosai ba cikinsa yakan yi danƙo, ɓawon sama ya rabu da jiki ya bar kogo. Wanda aka yanka da zafi kuwa manne wa wuƙa yake. Na ƙwarai yana yin mako bai lalace ba. Girman da suke ba shi ya burge ni: in yanki ya faɗi ƙasa, tsohuwar al'ada ita ce a ɗauka a sumbace shi, kuma mai shigowa ya tarar ana ci yakan ce jätku leiba, wato burodi ya yi auki.

Kama ita ce ta fi kusa da bakinmu. Garin sha'ir ne da rukis da hatsin ot da busasshen wake-fis, an turara su, an busar, an soya, an niƙa, don haka ba ta bukatar wuta. Babban cokali biyu zuwa uku a kofi ɗaya na nono mai tsami, da sukari ko zuma da ɗan gishiri. A riƙa barbaɗa garin ana damawa. In aka juye nono a kan tulin gari sai ya yi gudaji. A bar ta minti goma, domin tana ƙara kauri, wanda ya cika gari tun farko zai ƙare da abin da cokali ke tsayawa a ciki. Ɗanɗanonta na soyayyen hatsi ne, kuma wanda ya saba da fura da nono ba zai ji ta baƙuwa ba. Ita ce tsarabar da ta fi sauƙin ɗauka.

Daga kudu ake kawo sõir, cuku mai ƙwayar köömned. A ɗora madara lita biyu zuwa uku har ta kusa tafasa, a zuba kilo ɗaya na daskararren nono mai tsami da aka tsane, a juya a wuta kaɗan har ruwan ya rabu ya yi garau. A tace, a mayar cikin tukunyar da aka narkar da man shanu giram 100, a zuba ƙwai uku ko huɗu da gishiri, a yi ta tuƙawa har ya haɗe ya yi sheƙi, a juye a kwano ya huce. In wuta ta yi yawa bayan an sa ƙwai, sai ya tsinke ya yi tsaki-tsaki. Akwai kuma mulgipuder, dankalin turawa da ɓarzajjen sha'ir, wanda UNESCO ta karɓa a 2024. Dankali a ƙasa, sha'ir a sama, ba a juyawa sai sun nuna, domin sha'ir in ya sauka gindin tukunya kamawa yake. Daga ƙarshe a kirɓa su tare.

A nan Musulmi zai buɗe ido, don abincin hunturun Istoniya ya dogara ƙwarai da alade. Shi kansa mulgipuder da soyayyen kitsen alade ake yi masa ado, wani lokaci a cikin tukunyar ma akwai, sai an tambaya. Kalmomin da za a riƙe: sealiha naman alade, pekk kitsensa, metssiga aladen daji, veri jini. Verivorst tsiran-alade ne na jini da sha'ir, sült kuma daskararren romon kai da ƙafa. Naman põder, wata ƙatuwar barewar daji, da ake ɗurawa a hanji ma sau da yawa ana haɗa shi da kitsen alade, a karanta takardar jikinsa. Kifi, wanda suke kira kala, shi ne mafita: mai hayaƙi, da ƙananan kilu masu gishiri da yaji a kan baƙin burodi da dafaffen ƙwai. A abin sha, koduõlu giya ce ta gida, abin sha mai zafi na glögi kuma iri biyu ne, sai a nemi wanda aka rubuta wa alkoholivaba. Kali, wanda ake yi da burodi ko tsiron hatsi, tsimi ne, na gida yana iya ɗaukar ɗan maye, ni dai na bar shi. Ruwan 'ya'yan astelpaju mai ɗumi da zuma ya wadatar. Tsaminsa ya fi na tsamiya kaifi.

Kafin fita na sake bi ta rumfunan ulu don tambayar wanki, amsar kuma ɗaya ce a ko'ina: ruwa kada ya wuce digiri 30, sabulu mai laushi, ba cuɗawa, a naɗe cikin tawul a danne, a shanya a kwance a inuwa. Ga mai kai su ƙasa mai zafi, babban abokin gaba asu ne, ba datti ba. A tabbata sun bushe sarai, a sa a jakar da ke rufuwa ruf, a jefa ɗan guntun kadakas a ciki, a riƙa fito da su ana shan iska lokaci-lokaci. Burodin na nannaɗe shi da takarda, ba leda ba, don leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna. Ƙarfe huɗu da rabi na fito na tarar gari ya yi duhu, ana yayyafi, na kama bas zuwa tashar jirgin ruwa.